Ki Shiga Kotu da Kanki ko Ki Ɗauki Lauya? Shawara ga Mai Neman a Raba Aurenta

Ranar da na raka ƙanwata kotun shari'a, tun ƙarfe 8 na safe muka samu wuri a kan benci, ita da goyonta, ni riƙe da ledar takardun asibiti. Kusa da mu wata yarinya ce zaune, ba za ta wuce shekara 25 ba, ta zo ita kaɗai. Zaman jira kan buɗe baki. Kafin a kira ta har ta ɗan janye mayafi ta nuna mana sawun wayar wuta a kafaɗarta, wani ya warke, wani ɗanye. Da aka kira ƙararta alƙali ya tambaye ta abin da take nema, sai ta ce, "Allah ya gafarta Malam, ni dai a raba mu, ko nawa ne zan biya shi." Sau biyu ya tambaye ta ko ana yi mata wata cuta, ta sunkuyar da kai ta ce ba ta son tone-tone. Mijin ya ce shi yana son matarsa, amma in ta dage sai ta mayar masa da sadakinsa da lefensa. A kan haka aka tashi. A bakin ƙofa ta ce mana za ta sayar da gadonta da keken ɗinkinta, tana faɗa tana murmushi, don a ganinta ta tsira.

Ta tsira ɗin, amma ta sayi abin da shari'a za ta iya ba ta ba tare da ta fitar da ko kwabo ba. Tun daga ranar, duk wadda ta ce mini, "Yaya, in ɗauki lauya ko in je da kaina?" nakan ce ta zauna tukuna. Amsar ta rataya ne a kan irin auren da aka ɗaura, da abin da take nema, da kuma ko mijin zai yi jayayya.

In auren rajista ne, maganar gajera ce

'Yan'uwanmu Kirista da yawa, da ma wasu Musulmi, aurensu na rajista ne, wanda aka ɗaura ƙarƙashin dokar aure ta tarayya. Irin wannan kotun shari'a ba ta raba shi, kotun gargajiya ma haka. Sai Babbar Kotun jiha ko ta Abuja, bisa dokar shari'o'in aure ta 1970. Dalili ɗaya dokar ta sani, wato aure ya lalace yadda ba zai gyaru ba, kuma sai kin tabbatar da shi ta ɗaya daga cikin hujjojin da sashe na 15 ya jera: misali ya ƙaurace miki shekara 1 cur, ko kun yi shekara 2 kowa na zaune daban kuma bai ƙi a raba ba, ko shekara 3 ko da ya ƙi. Auren da bai cika shekara 2 ba galibi sai an nemi izinin kotu kafin a shigar da ƙara. Ko an yi hukunci, na wucin gadi ne, sai bayan wata 3 yake tabbata. Komai da Turanci, komai a rubuce, kuma kuskure ɗaya a takardar rantsuwa kan sa a kori ƙara a ce a sake sabo. Doka ba ta hana ki tsayawa da kanki ba, amma ni ba zan ba ki wannan shawara ba. Nemi lauya, ko na kyauta ne.

Sauran maganar tawa a kan auren Musulunci ne, inda zaɓin yake da gaske.

Ƙofa biyu ce, ki san wadda za ki ƙwanƙwasa

Kotunanmu na ƙasa, ko ana kiransu kotun shari'a kamar a jihohin da suka faɗaɗa aiki da shari'a daga 2000, ko kotun yanki kamar a Abuja da Filato, da mazhabar Malikiyya suke hukunci a harkar aure. A wannan mazhaba macen da mijinta ya ƙi sakinta tana da hanya biyu, kuma tazarar da ke tsakaninsu ita ce gadon yarinyar nan da keken ɗinkinta.

Ta farko khul'i, fansar kai. Asalinsa aya ta 229 a Suratul Baƙara, da hadisin matar Sabitu ɗan Ƙaisu, wadda ta ce ba ta aibata addininsa ko halinsa, zaman ne kawai ba za ta iya ba. Aka ce ta mayar masa da gonar da ya ba ta sadaki. Wannan ƙofar macen da ba a cuta ba ce, zuciyarta ce ta fita. Ba a tambayarki shaida. Ana mayar da sadaki, ko ƙasa da shi, ko sama da shi in an yarda, kuma a nan ne ake ciniki mai zafi, don wasu mazan kan lissafo lefe da kuɗin gaisuwa da na sa rana, har da kuɗin da za su auri wata. Igiya ɗaya ce ke tsinkewa, amma ba shi da damar kome sai da yardarki, da sabon ɗaurin aure da sabon sadaki.

Ta biyu ita ce alƙali ya raba saboda cuta: duka, zagi na cin mutunci, ƙauracewa shimfiɗa, rashin ci da sha da sutura, tafiya a bar ki ba aike ba labari. Malikiyya ta fi sauran mazhabobi buɗe wa mace wannan ƙofa. In cuta ta tabbata, sadakinki naki ne, ba ki mayar da komai. Kuɗin wannan ƙofar shi ne hujja: mai da'awa shi ke kawo shaida, wanda ya musa ya rantse. Akwai ƙananan hukunce-hukunce a ciki da ya kamata ki sani. Wanda ya rantse ba zai kusanci matarsa ba, wata 4 ake ba shi. Wanda ya kasa biyan haƙƙin shimfiɗa saboda lalura, shekara 1. Wanda ya ɓata ba a san inda yake ba, shekara 4, sai dai in babu abin ciyarwa, nan kam ta ƙofar rashin ciyarwa za ki bi, ta fi kusa. Ita kuma rabuwa saboda rashin ciyarwa saki ne mai kome: alƙali zai ba shi wa'adi, in ya kasa a raba, amma in ya samu hali kina cikin idda yana iya mayar da ke. Mata da yawa ba su san haka ba sai sun ga an aiko biko.

In kuma rigima ta yi ta maimaituwa, an rasa gane mai laifi, akwai masu sulhu biyu da Suratun Nisa'i aya ta 35 ta ambata, ɗaya daga danginsa ɗaya daga danginki. A Malikiyya ikonsu ya wuce ba da baki: in sun ga zama ba zai yiwu ba suna iya rabawa, da diyya ko babu, gwargwadon wanda suka samu da laifi.

Abin da ya fi ci mini rai kuwa, daga baya na ji daga bakin malamai cewa macen da ta biya khul'i, sannan ta tabbatar cewa cuta ce ta sa ta fanshi kanta, ana mayar mata da kuɗinta, sakin kuma yana nan daram. Yana cikin Risala, littafin da ake karantawa a zaurukanmu. Da na san haka a ranar, da na riƙo hannun yarinyar nan na faɗa mata.

Zuwa da kai

An gina waɗannan kotuna ne don talaka ya zo da bakinsa. A da ma an yi shekaru da dama lauyoyi ba sa tsayawa a gaban alƙali sam, kuma har gobe yawancin matan da ke kan bencin nan ba su da lauya. Da Hausa ake magana. Za ki je wurin rajistara ki faɗi ƙararki a rubuta, ki biya kuɗin ƙara da na kai sammaci, ki karɓi rasit, a sa rana. Galibi kotun yankin da mijin yake zaune ake kai ƙara. Alƙali da kansa yake yin tambayoyi, ba ya zuba ido ya bar ki kina lalube. Kuɗin da za ki kashe, har da na mota, bai kama ƙafar abin da lauya zai caje ki ba.

Akwai kuma abin da kuɗi ba ya saye: mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Macen da ta tsaya ta ce, "Tun azumin bara bai kawo ko ƙwayar shinkafa ba, da kuɗin kitso nake ciyar da yara uku," ta fi duk wata doguwar magana ta lauya shiga kunne. Sannan zuwa ba lauya kan bar ƙofar mutunci a buɗe. Da yawan maza da zarar sun ga lauya sai abin ya koma gasa, shi ma ya ɗauko nasa, shari'ar da za ta ƙare a zama uku ta shekara. Ku kuwa ko kun rabu akwai suna da biki da rashin lafiyar yara a gabanku.

Inda ake tuntuɓe shi ne shaida. Kina ganin mahaifiyarki ta san komai, ita ta yi ta gasa miki jiki, amma shaidar iyaye ga 'ya'yansu ba ta karɓuwa, saboda ana tuhumar son kai. Ta ɗan'uwa ma sai an yi mata duba na musamman. Abin da ake so maza biyu adalai da ba su da wata riba a cikin maganar. Sa'ar da aka yi, a batun cutar da mace Malikiyya ta karɓi shaidar ji, wato maƙwabta su ce magana ta bazu a unguwa cewa wane yana cutar matarsa, ko da ba su gani da ido ba. Don haka maƙwabcin da ya sha shigowa rabon faɗa, da mai unguwar da aka kai wa ƙara sau uku, da limamin da ya yi muku nasiha, su ne dukiyarki. Ki same su tun kafin ki shigar da ƙara, ki tabbata za su zo, don mutane kan yi alkawari a zaure su noƙe ranar kotu. Katin asibiti da hoton rauni da saƙon waya suna ƙarfafa magana, amma kada ki dogara da su kaɗai.

Tuntuɓe na biyu shi ne 'ya'ya. A Malikiyya uwa ce ke da riƙo, namiji har ya balaga, mace har ta yi aure ta tare, ciyarwa da tufafi da magani kuma a wuyan uba. In kin yi wani aure riƙon kan koma wurin mahaifiyarki kafin a zo kan dangin uba. Abin da aka saba gani, a yaye yaro a miƙa shi gidan ubansa, al'ada ce. To amma ya halatta a yi khul'i a kan ki sauke haƙƙin riƙo, ko ki ɗauki nauyin ciyar da jariri, kuma mace in ta gaji takan ce "na yarda" kafin a gama karanta mata sharaɗin. Da zarar an rubuta, warware shi aiki ne ja. Duk abin da aka ce ki amince da shi, ki roƙi a maimaita miki shi a hankali, in ba ki gane ba ki nemi a ɗaga zama ki yi shawara. Ba rashin kunya ba ne.

Na uku, kafin hukunci alƙali zai tambaye ki ko kina da sauran magana ko wata hujja. Ana kiran wannan i'izari, kuma wajibi ne, har kotunan sama kan rushe hukuncin da aka yi babu shi. Kada ki ɗauke shi gaisuwar sallama ki ce "babu" alhali akwai shaidar da bai samu zuwa ba, ko ba a yi maganar kayan ɗakinki da kuɗin makarantar yara ba.

Abin da lauya ke saya miki, da abin da ba ya saya

Lauya nagari, tun zaman farko zai gaya miki ƙofar da ta dace da ke. Ya san yadda ake soke shaidar ƙarya, ya san yadda ake ja da lissafin mijin da ya kumbura kuɗin khul'i, kuma yana sa ido a kan abin da ake rubutawa, wanda shi ne ran shari'a. Ga macen da ba ta iya haɗa ido da mijin ba jikinta bai ɗauki rawa ba, samun mai magana a madadinta rahama ce babba.

Sai dai ba kowane lauya ne ya san wannan fage ba. Wanda ya gwanance a shari'ar filaye da kwangila yana iya zuwa gaban alƙali ya yi ta kawo ƙa'idojin da ba su da gurbi a nan, inda ake buɗe Tuhfa da Mukhtasar, littattafan fiƙihun Malikiyya. Ki tambaye shi kai tsaye ko ya karanta shari'ar Musulunci, kamar yadda ake haɗa ta da dokar zamani a jami'o'in Zariya da Kano da Sakkwato da Maiduguri, da kuma shari'ar aure nawa ya yi. Ku yi maganar kuɗi a rubuce: na aikin gaba ɗaya ne, ko kowane zama da nasa kuɗin? Nan ne mata ke ƙonewa, don duk ɗaga zama wani kashe kuɗi ne, wani lokacin ma lauyan ne ke da wata shari'ar a wata kotu. Lauya kuma ba ya ƙirƙiro shaidar da babu, ba ya rantse miki, kuma duk wanda ya ce miki tabbas za ki yi nasara ki yi hattara da shi. Shari'a mace ce da ciki.

Wurin da ba na jayayya a kan lauya shi ne ɗaukaka ƙara. Daga ƙaramar kotu ana zuwa babbar kotun shari'a, daga nan Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a ta jiha, wadda sashe na 277 na tsarin mulkin 1999 ya ba hurumin aure da saki da riƙon yara da gado, sannan Kotun Ɗaukaka Ƙara ta tarayya, har Kotun Ƙoli. A can ba labari ake sake ji daga farko ba, kwafin shari'a ake dubawa a ga inda alƙalin ƙasa ya kauce. Wa'adin shigarwa gajere ne, galibi kwana 30, in ya wuce sai da roƙo. Mijin da ya sha kaye yakan ɗaukaka ƙara don kawai ya ja miki lokaci, ke ba matar aure ba ke ba bazawara ba.

Tsakanin biyun akwai hanyoyi

Ba dole ne ki zaɓi ɗaya ki bar ɗaya ba. Kina iya biyan lauya kuɗin zama ɗaya tak, ki kwashe labarinki kaf ki faɗa masa, ya tsara miki abin da za ki nema da shaidun da za ki kira, sannan ki shiga da kanki. A ganina wannan ce ta fi dacewa da mafi yawan mata. Kina iya naɗa wakili daga danginki, kawu ko yaya mai natsuwa, ya tsaya tare da ke. Mai saurin fushi kam a bar shi a gida. Akwai masu taimako kyauta: Hukumar Ba da Tallafin Shari'a ta ƙasa, wadda aka kafa a 1976 domin marasa ƙarfi kuma take da ofisoshi a jihohi, ƙungiyar lauyoyi mata ta FIDA, ƙungiyar WRAPA da ta daɗe tana aiki a kan haƙƙin mata a auren Musulunci a Arewa. Layinsu na da tsawo, sai da haƙuri da bibiya.

Hisba da mai unguwa da limami kuwa sulhu suke yi. Sau da yawa a nan miji yake sauwaƙewa da kansa ya rubuta takarda, ba sammaci ba tonon asiri, kuma in shi ya yi sakin bayan an tare ba ya karɓar komai daga sadaki. Amma ba su da ikon tsinke igiyar da mai ita ya ƙi saki. Wannan na alƙali ne. In an yi yarjejeniya a kan kuɗin ciyar da yara, a kai ta kotu ta zama hukunci, don takardar zaure ba ta tilasta kowa ranar da ya daina biya.

Ga yadda nake auna abin. In ya riga ya sake ki, tabbatarwa kawai kike nema, ko khul'i ne kuma kun daidaita a kan adadi, je ki da kanki, zuwa da kai ya fi aike. In cuta ce kuma kina da shaidu tsayayyu, yi shawara sau ɗaya ki shiga da wakilinki. In ya furta saki ya dawo ya musa kuma babu wanda ya ji, ko ya ɗauko lauya, ko akwai gida ko fili ko jarin da kuka haɗa, ko ya kwashe yara ya ɓoye, ko mai ƙarfi ne a gari, nemi lauya tun ranar farko ko da sai kin sayar da ɗan kunne. In kuwa ranki ne ke cikin haɗari, fita ake fara yi kafin shari'a: asibiti, 'yan sanda, gidanku. A ranar ki sanar da waliyyinki da mai unguwa dalilin fitarki, don kada gobe a ce yaji kika yi ba gaira ba dalili a nemi a kayar da ciyarwarki.

Mu abin da muka yi ke nan da ƙanwata. Zama ɗaya ta yi da wata lauya, ita ce ta ce mana mu bar Inna a gida mu nemo maƙwabta biyu. Kawu ya tsaya mata. A zama na huɗu aka raba saboda cuta, aka bar mata ɗanta, aka yanka wa uban abin da zai riƙa bayarwa duk wata. Kuskurenmu ɗaya, murna ta sa muka tafi ba mu nemi takardar hukunci ba, sai da ya yi wata biyu bai aiko ba muka koma muna neman kwafi, aka yi ta sa mu jeka-ka-dawo. Ke ki biya kuɗin takardar tun a ranar, ki duba an rubuta ranar rabuwa da adadin igiyar da ta tsinke, don daga ranar za ki fara ƙirga idda, tsarki uku, ko haihuwa in kina da ciki, kuma ita za a nema ranar da wani ya fito. Ta ƙanwata tana ƙasan akwatinta cikin leda, hotonta kuma yana wayata da ta Kawu.